Wasiƙar da Masta Bai Karɓa Ba

A shekarata ta biyu a jami'a na shiga ajin taikwando, wasan kare kai, ba don ina son faɗa ba. Ƙawata ce ta ja ni. Ni a lokacin babu abin da ke kaina sai littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano, mu yi ta aron su a unguwarmu ta Aboabo har bangonsu ya yage. Na yarda cewa kowace mace tana da ranar da wani zai ɗago ido ya gan ta.

Babana malamin Islamiyya ne. Da na nemi izininsa ya ce, "Na ji ana sunkuya wa mutum a wurin nan. Ke ba za ki sunkuya wa kowa ba." Na kai wa mai koyar da mu maganar. Masta muke ce masa, mutumin unguwar Akwatialine ne, ya haura arba'in, da 'yar furfura a gemu. Ya ce, "Malam ya yi gaskiya. Ki ɗora hannu a ƙirji, ya isa." Daga ranar, idan ɗalibai suka sunkuya ya sunkuya musu, sai ya juyo wajena ya ɗora hannunsa a ƙirji.

Nan na ɓata. A littattafaina namiji ba ya yin haka a banza.

Bai taɓa taɓa ɗaliba mace ba. Siririyar sanda yake riƙewa, da ita yake gyara mana gwiwar hannu ko diddige. Ƙofar zauren kuma a buɗe take kullum, ko ruwa ake yi. Duk wannan na ɗauke shi kunya ce ta mai ɓoye so. Na yi ta zuwa, na yi ta ƙoƙari don ya kalle ni, har na wayi gari na iya da gaske. A shekarar ƙarshe ya sa sunana cikin masu gwajin baƙar ɗamara, matakin ƙwararru, ni kaɗai ce mace daga Zango, unguwanninmu na Hausawa.

Saura mako biyu a yi gwajin na rubuta masa wasiƙa shafi huɗu, na fesa mata turare. Ranar Asabar da safe, bayan kowa ya watse, na tsaya.

"Masta, ina da saƙo."

Ya dubi ambulan ɗin, bai miƙo hannu ba. Sai ya leƙa waje ya kira dattijuwar da ke share zauren, 'yar Asante ce, Maame muke ce mata. Ta shigo da tsintsiyarta tana shinshina iska.

"Ei, Masta! Yau kai samu takarda mai ƙamshi!"

"Maame, zauna kawai." Ya juyo gare ni. "'Yar Malam, idan takardar asibiti ce ko ta makaranta, ba ni. Idan wata ce daban, mayar da ita jaka. Ban gani ba. Maame ma ba ta gani ba."

"Ni ba gani komai," in ji Maame, ta kau da kai.

Na ce, "To, hannun da kake ɗora mini a ƙirji fa?"

"Gaisuwar da mahaifinki ya yarda da ita ce." Ya ɗauki sandarsa. "Litinin, ƙarfe shida. Ƙafarki ta hagu har yanzu tana saurin sauka. Ita ce damuwata."

Ban je ranar Litinin ba. Sau biyu ya aiko ƙawata, ba wani dogon bayani, wai in zo mu gyara ƙafar nan. Na kwanta a ɗaki ina kuka ina jira, domin a littafi a nan ne jarumi yake zuwa da kansa ya ba da haƙuri.

Ranar gwaji na ninke fararen kayana na sa a jaka, na hau trotro, motar haya. Da muka kai kasuwar Adum kunya ta kama ni, na sauka. Na yi ta yawo cikin masu sayar da atamfa, ina taya abin da ba zan saya ba, har aka kira azahar.

Daga baya ƙawata ta ce Masta ya kira sunana, da bai ji ni ba ya mayar da ni ƙarshen layi. Da aka gama da kowa ya roƙi alƙalan da suka zo daga Accra su ƙara jira, ya je ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hanya. Sai da babbansu ya fara tattara takardu sannan ya dawo ciki.

Shekaru na yi ina ce wa kaina mai taurin zuciya ne. Idan na hango shi a hanyar masallacin Juma'a sai in sauya lungu. Sai da na fara koyarwa, na ga yadda idon yarinya ke bin malami, sannan na gane abin da ya tsare mini. Na yi ta cewa zan je in gaishe shi bayan salla, bayan hutu.

Bara ya rasu. Na je gaisuwa Akwatialine, na zauna cikin mata a tsakar gida. Matarsa ta riƙe hannuna ta tambayi ko ni wace ce.

"Ɗalibarsa ce, Hajiya."

"Allah sarki. Ke ma kin samu baƙar ɗamarar?"

Na ce, "A'a. Ban gama ba."