Ƙafar Keken Kawu

Ni ne na yi laifi. Ni mai gyaran keke ne, Kawuna ya kawo kekensa in haɗa masa sabuwar ƙafa, don hanyar gonarsa bayan Dogon Dutsi duwatsu ce da gangara. A aikinmu, idan an ɗaure wayoyin ƙafa, sai a kwantar da ita a danne da hannu biyu don wayoyin su zauna, a sake ɗaurewa. Ranar kasuwa ce, ina sauri, ban danna ba. Ƙafar ta lanƙwashe a gangara, ya faɗi ya karye a hannu, damina ta wuce bai yi noma ba. Mutane suka ce tsufa ne, na yi shiru.

Bayan girbi na same shi, na durƙusa.

"Kawu, aikina ne ya kayar da kai. Ka gafarce ni."