Jirgin Malam Bala da Ba Ya Taɓa Dogo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin shan koko waya ta shigo: Malam Bala ya rasu da safiyar nan.

Tare muka koyar a wata sakandare a Bosso cikin shekarun tamanin, shi kimiyya, ni Hausa. Duk ran da babur ɗina ya ƙi tashi, shi ke goya ni. Doya in ta zo masa daga Kuta, rabi na gidana ne.

Ya taɓa ƙera jirgin ƙasa da gwangwanin sadin da maganaɗisun tsofaffin rediyo. Gwangwanin na lilo a saman dogo, ya zura takarda ta ƙarƙashi ta wuce. Maƙwabta suka ji "maganaɗisu", kunnensu ya tsaya a "magani". Shi ke nan, aka ce malam na tsafi.

Sai ga wasu mutum biyu da kwat, wai daga wani kamfanin fasaha mai aikin jirgin da ke tafiya a kan maganaɗisu. Za su kai nasa Legas a gani, su dawo da shi.

Na ce, "Bala, mutanen nan ba su kwanta mini ba. Kamfani ba adireshi?"

Ya ce, "Haba Sani, su kaɗai ne ba su kira ni boka ba."

Har yau ba su dawo ba.

Watan jiya na je duba shi, na nuna masa bidiyon irin jirgin a waya, ya cika da fasinja yana sheƙa gudu. Na ce wallahi naka ne suka sace. Ya yi dariya har da tari: "Nawa ko ƙadangare bai ɗauka ba. Kai malamin Hausa, gaya mini, wannan jirgin ƙasa ne ko na sama?"

Shi ya yafe. Ni zuciyata ba ta sake ba.

Kuma ɗazu, ko jana'iza ba a yi ba, wani ya kira Hajiya Ladi, matarsa, wai ɗan kamfani ne, yana tambayar jirgi na biyu da malam ya ƙera. Wa ya gaya masa akwai na biyu?

Jirgin yana ɗakina yanzu, na kulle. Na jikokin Bala ne.

Allah Ya jiƙan Bala, Ya sa mai kyakkyawan zato ya tarar da kyakkyawa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Mai kwat kuwa, ya zo ya same ni.