Ranar da Liman Ya Sauka Daga Kan Buzunsa

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, wannan rana ba za ta bi sahu ba. Ni ban yi boko ba, kada a tambaye ni lambar shekara. Abin da na sani shi ne, a daminar da ta biyo bayan haƙa rijiyar burtsatse a bakin masallacinmu na Ruwan Bago ne, shekarar da ciwon kofato ya shiga shanu, kuma wayar hannu ba ta iso ƙauye ba tukuna. A farkon wannan damina maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na shiga takaba.

Takaba a wancan lokaci ba wasa ba ce. Gwaggon maigidana, tsohuwa mai kaifin baki, ita ta ɗaura mini ɗankwali, ta damƙa mini wata 'yar wuƙa ta ce kada in rabu da ita ko bayan gida za ni. Kada in ɗaga murya, kada in leƙa zaure. Na bi duka, don ni ba a taɓa kama ni da raina na gaba ba.

Muna tsakiyar marka, wata safiya da hantsi, sai na ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Ƙanena ne daga Turawa, can ƙasar Karaye inda aka haife ni, wandonsa duk taɓo. Bai gama gaisuwa ba ya durƙusa a bakin ɗakina.

"Adda, jikin Inna ya yi tsanani. Ko kunu ba ya wucewa." Sannan ya ƙara da cewa, "Sunanki take kira."

Ni ce 'yar fari, kuma mahaifiyata Bafulatana ce ta gaske. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan". Ranar da aka kai ni ɗakin miji ma bayan rumbu ta ɓuya. Matar da ta riƙe kunya tsawon rayuwarta, in ta saki sunana a gaban mutane, ai na san tafiya ta zo.

Na miƙe ina neman mayafi, sai ga wan maigidana, wanda nake kira Yaya, ya shigo tsakar gida. Mutumin kirki ne, ya so ƙanensa ƙwarai, kuma shi ke ciyar da ni tun rasuwar.

"Ina za ki? Allah ya hana mai takaba taka ƙofar gida."

Gwaggo ta karɓe: "Kina fita takabar ta karye, sai ki sake daga farko. Shi kuma kabari ya matse shi saboda ke."

Ban yi musu ba. Amma ni tun ina yarinya ina da wani hali, in aka ce mini "an ce", sai na ji wa ya ce. Na ce, "Yaya, don girman Allah a kira mini Liman. Duk abin da ya faɗa na ji."

A gona aka samo shi. Dattijo ne siriri, ba ya zuwa amsa tambaya sai da buzunsa a hammata. Ya wanke ƙafafu, ya shimfiɗa buzun a zaure ya zauna. Yaya da ƙanena suka zauna gefe, ni da Gwaggo muna daga ciki, bayan asabari, ina hango shi ta tsakanin karare.

"Baiwar Allah, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Allah gafarta Malam."

Sai da ya tambayi yara, ya tambayi mai jiki, ƙanena yana ta murza makullin babur don ƙagauta. Sannan na faɗi abin da ke tafe da ni.

Liman ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya karanto aya da Larabci a hankali, ya fassara mana: matar da mijinta ya rasu za ta yi zaman jira wata huɗu da kwana goma. Ya ce wannan maganar Allah ce, babu mai ƙari, babu mai ragi. Ya ce ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wata mata da ta rasa miji ta zauna a gidanta har wa'adin ya cika. Sannan ya ce malaman da muke karanta littattafansu sun yi bayani, mai takaba tana iya fita da rana don buƙata, amma ta kwana a ɗakinta.

Yaya ya ce, "To batun karyewar takaba fa, da matsewar kabari?"

"Ban gan shi ba a cikin abin da na karanta."

"Amma haka muka taso muka ji."

"Ni ma haka na taso na ji," in ji Liman, "a bakin kakata, Allah ya kai haske kabarinta. Sai dai ban same shi a littafi ba."

Gwaggo ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ce malaman yanzu komai sai sun sauƙaƙa. Liman kuwa ya girme ta, amma ya ƙyale ta.

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don na san hanyar. Daga nan zuwa Turawa ba kusa ba ne, kuma da marka rafi kan cika a raba mutum da gida. Na ce, "Allah gafarta Malam, in na je ruwa ya tare ni fa? In kuma rana tana faɗuwa na ga Inna tana gargara, in saki hannunta in taho?"

Sai na ga Liman ya dafa bango ya miƙe, ya matsa gefe, ya zauna a kan dandariyar ƙasa, ya bar buzun shi kaɗai a shimfiɗe.

Yaya ya ce, "Haba Malam, ƙasar da danshi."

"Bar ni a nan. A kan buzun can na faɗi abin da Allah ya ce, da abin da Manzonsa ya ce, da abin da malamai suka rubuta. Wanda zan faɗa yanzu nawa ne, ba na so ku haɗa su a zama ɗaya." Ya juyo wajen asabarin. "Baiwar Allah, ban san aya ko hadisin da ya ambaci rafinku ba. A ganina, ki tashi yanzu da niyyar dawowa kafin dare. In ruwa ya tare ki, ba ke kika tare kanki ba. In kin same ta a gargara, ni dai bakina ba zai iya ce miki ki saki hannunta ba. Amma wani malamin yana iya faɗa miki daban, kuma wataƙila ya fi ni daidai."

Gaskiya a lokacin ban ji daɗi ba. So nake ya rufe bakin kowa da magana ɗaya. Na ce, "Malam, ka ce mini Allah ya yarda mana, in tafi da zuciya ɗaya."

"Ba zan jingina wa Allah abin da ban gani ba. In na yi kuskure, kuskurena ne. Ke ma in an tambaye ki, ki ce Liman ne ya ga haka."

Ya bar mini kayana a kaina. Na dubi wuƙar nan da ke hannuna, na ajiye ta a gaban Gwaggo, na yafa mayafi. Yaya bai hana ni ba. Har mun hau babur ya biyo mu da buhun leda in rufa, ya ce wa ƙanena, "Ku bi ta hanyar tudu, ta fadama ta ci ruwa."

Mun isa bayan azahar. Na sami Inna kwance a kan gadon kara, ta koma kamar yarinya. Hausa ta gudu daga bakinta, sai Fulatanci. Na kama hannunta, ta buɗe ido ta dube ni, ta kira sunana cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ban taɓa sanin sunan nan yana da daɗi haka ba. Na ba ta nono a ludayi, ta kurɓa kaɗan. Muka zauna, ba wata doguwar magana, tana shafa bayan hannuna da babban yatsanta.

Da la'asar ta yi sanyi, sai ta lura da ɗankwalin takaba a kaina. Ta ce, "Na gan ki. Tashi ki koma ɗakin mijinki." Na ce zan ƙara zama kaɗan. Ta zare hannunta da kanta, ta juya fuska bango, kamar yadda ta ɓuya bayan rumbu. Ana kiran magariba muka shigo Ruwan Bago, ruwa bai sauko ba sai da na taka zaure. Washegari da hantsi Inna ta cika, Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu kunna rediyo ko waya, kowa malami ne. Tambaya ba ta gama fita ba an ce "Musulunci ya ce", ba ka sanin inda maganar Allah ta tsaya, inda ta mutum ta fara. Ni abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai tsoron Allah yakan nuna maka wannan iyaka, ko da hakan zai rage masa kwarjini. Matan unguwa suna zuwa wurina da tambayar takaba, don sun san na ga jiya. Amsar da na ji daga malamai nakan ce daga malamai na ji. Wadda take tawa kuwa, sai na zame daga tabarmar sallata tukuna, jikokina suna dariya wai Kaka ta fara.

Liman ya rasu, Yaya ya rasu. Gwaggo ma ta tafi, ba ta taɓa yarda an yi daidai ba, amma ita ta dama mini kunu a daren da na dawo. Cikin waɗanda suka halarci zaman nan, saura ni da ƙanena, shi ma ido ya yi rauni, babur sai dai a goya shi. Buzun yana nan wurin ɗan Liman, gashinsa duk ya zube.