Mai Fentin Da Ya Sa Wa Gidaje Lamba

Shekara talatin Baba Mai Fenti ya yi yana hawa tsani a gidajen mutane, har gwiwa ta fara yi masa gardama, ya ajiye aikin. Unguwarsu lunguna ne sun fi ashirin, amma babu gida ɗaya mai lamba. In baƙo ya tambayi hanya sai a ce, "Ka wuce shagon aski, ka karya daidai inda aka sare bishiyar nan."

Ranar da yayarsa ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, motar asibiti ta fi awa tana zagaye, direba na ta bugo waya wai shi bai ga wata bishiya ba. A gadon asibiti ta harare shi ta ce, "Kai dai ƙanena, ka yi wa gidajen duniya kwalliya, namu ko gane shi an kasa."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya kwaso ragowar fentin da ke ƙarƙashin gadonsa, ya roƙi maƙwabciyarsa, wata malamar makaranta, ta zana masa taswirar unguwar a bayan tsohuwar kalanda. Suka kira taron unguwa kan sa wa gidaje lamba. Nan take mai aski ya ce shagonsa ne lamba ɗaya, mai wanki ya rantse ya riga kowa zama a unguwar.

"To, mu fara daga famfo," in ji Baba. "Akwai wanda bai taɓa shan ruwansa ba?"

Aka bushe da dariya, rigima ta mutu.

Wata biyu ana aiki. Kowane lungu ya ba da masu riƙe tsani, mata suka kankare ƙofofi, Baba yana ɗingishi yana rangaɗa lambobi farare a kan shuɗi. Ana gab da gamawa sai ga wani ma'aikacin hukuma, ya ce babu izini, a goge.

Washegari mutum sittin suka cika ofishin hukumar, Baba a gaba da kalandarsa. Shugabar sashen ta shimfiɗa ta a tebur, ta daɗe tana bin lungunan da yatsa.

"Baba, wane injiniya ya yi muku wannan?"

"Ranki ya daɗe, ni da Malama ne."

Ta jawo hatimi ta buga, ta ce a bar mata kwafi, don su ma ba su da irinta. A bakin ƙofa mai aski da mai wanki suka ɗaga Baba sama, yana ihun su yi hankali da gwiwarsa.