Abin da Kyamarar Sito Ta Ɗauka

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ina tsaron wani babban kantin kayan masarufi a Dutse. Mai kantin, wanda kowa ke kira Alhaji, mutum ne da sabon abu ba ya wuce shi. Wata rana ya dawo daga Kano da kyamarori biyu da injin bidiyo mai cin kaset. Aka maƙala ɗaya tana kallon cikin kanti, ɗaya a sito, aka ɗora 'yar talabijin a kan teburina tana nuna wuraren biyu. Shi kuwa injin, Alhaji ya sa mai walda ya yi masa kejin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, ya danna kwaɗo, makulli a aljihunsa. Wai don ɓarayi. Har na bar kantin ban ga ɓarawon da aka kama ba.

Mu aka kama. Kullum bayan la'asar Alhaji zai zo ya zare kaset ɗin ranar, ya saka wani, ya tafi da shi zaurensa. Da azumi ya kama sai abin ya koma sinima. Shi da abokan hirarsa su baje a tabarma suna kashe lokaci da mu kafin a sha ruwa: wanda ya yi gyangyaɗi, wanda ya sa yatsa a hanci, matar da ta yi rabin awa tana taya sabulu ta fita hannu rabbana. A cikinsu akwai wani direba ɗan Aujara da magana ba ta kwana a cikinsa. Abin da aka kalla yau, gobe yana tasha.

Surukina ma mutumin Aujara ne, malami, tun ban san kaina ba yake karantarwa a can. Ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya ajiye azumi. Ya ce likita jiki ya karanta, shi littafi ya karanta. Abin haushin, shi da bakinsa yake gaya wa ɗalibai cewa Allah ya ɗauke wa marar lafiya, amma da ta zo kansa sai ya kafe, ya ce bai taɓa shan azumi ba tun da ya balaga, ba kuma zai fara da furfura ba. Ni ba ni da bakin magana. Tsakanina da shi sai gaisuwa a tsugune, kai a ƙasa.

Ranar da nake ba da labari ya zo asibiti, ya biyo ta kanti wajen azahar. Zafin kaka ne, irin mai dafa mutum a cikin riga. Na ga ya galabaita da ya miƙo mini hannu. Na shimfiɗa masa tabarma a sito inda ya fi sanyi, na ajiye masa buta don alwala, na ja ƙofa na koma tebur. Wallahi na manta da kyamarar nan. Sai da idona ya faɗa kan talabijin.

Yana zaune ya jingina da buhun shinkafa. Ya dubi ƙofa, ya sake dubanta. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da dabino uku, ya ci da sauri, ya mayar da ƙwallayen aljihu. Ya ɗauki butar alwala ya kafa kai. Da ya sauke sai ya goge gemu da hannun riga, ya sunkuyar da kai ya daɗe a haka.

Bai yi laifi ba, ni na sani, shi ma ya fi ni sani. Amma a lokacin nan mutane na farautar wanda ya ci abinci da rana kamar an sa musu lada, ba mai tsayawa ya tambayi takardar asibiti. Na hango zauren Alhaji, na hango direban nan yana tafa hannu, na hango tashar Aujara. Dattijon da ake tsuguna wa, yana shan ruwan buta a ɓoye.

Ya yi salla ya fito. Yana yi mini sallama idonsa ya sauka kan talabijin, ga tabarma, ga buta, ga buhun shinkafa. Ya ɗan tsaya yana kallo. Sannan ya ce zai ƙarasa gidana a Limawa wajen 'yarsa. Na tsayar masa da ɗan acaɓa, na dawo da gudu.

Na san dabarar, don na ga mai haɗa injin ya yi: a mayar da kaset baya, a danna ɗauka, sabon hoto ya hau kan tsoho ya shafe shi. Da baki abu ne mai sauƙi. Amma injin yana cikin keji, yatsana ba ya shiga tsakanin ƙarafan, rimot kuma yana gidan Alhaji. Na zaro tsinken tsintsiya, ya karye. Na haɗa uku, suka lanƙwashe. Na leƙa wajen mai gyaran keke na aro wani siririn ƙarfe na ƙafar keke, na kwanta rub da ciki a ƙarƙashin tebur ina lalube, ga rubutun maɓallan ƙanana kamar ƙudan zuma sun taka tawada. Ina cikin haka wata baiwar Allah ta shigo tana sallama.

"Mai kanti, lafiya kake kwance a ƙasa? Ba ni dunƙule da man gyaɗa."

"Hajiya, ki yi haƙuri, babu."

"Ga su can ina gani!"

Na tashi na auna mata, raina kamar ya fita. Ta tsaya sai na canja mata leda.

Da ƙyar na tsayar da injin, na mayar da kaset baya. To, ina ne wurin? Dole in kunna in duba. Na wuce. Na dawo, na zarce. Sau uku ina kallon surukina yana duban ƙofa, yana cin dabino, yana ɗaga buta. Ni da nake neman kada kowa ya gani, ni na fi kowa gani. A karo na huɗu na dace da daidai inda ya shigo sito. Na saita ƙarfen a kan jan maɓalli, zan danna ke nan aka ɗauke wuta.

Abin da ya fito daga bakina a lokacin, Allah ya yafe mini.

Janareta yana bayan kanti. Na ja igiya, ya yi tari ya mutu. Na sake ja. Mai akwai, na duba. Mai gyaransa ya tafi kasuwar Miga. Na cire fulogi na goge da gefen riga na mayar, na ci gaba da ja, maƙogwarona kamar an zuba toka, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ina ja ina mita ni kaɗai. Ina jin haushin Alhaji da kejinsa, ina jin haushin masu wuta, amma wanda na fi jin haushi shi ne dattijon nan. Da ya zauna a gida ya sha kokonsa a fili kamar kowane marar lafiya, wa zai ce masa kanzil? Girman kai ne ya kai shi shan ruwan buta, ni kuma ya bar ni da dambe da inji.

Ana kiran la'asar janareta ya tashi. Na faɗa ƙarƙashin tebur na danna jan maɓalli. Shafewar ma ba ta gaggawa, minti nawa aka ɗauka minti nawa za a bi a kai. Na tsaya ina kallon agogo ina kallon titi. Da na tabbatar ya wuce wurin na ƙara masa lokaci, na sake mayarwa na duba. Sito fayau, tabarma da buta kawai.

Alhaji ya iso ya same ni jiƙe sharkaf, ƙarfe a hannu. Na ce kyankyaso ne ya shiga injin. Ya kalle ni kallon da ban so ba, ya zare kaset ɗinsa ya tafi. Har aka yi ƙaramar salla abokan hirarsa suna kwaikwayon yadda nake rarrafe a ƙarƙashin tebur, shi kuma ya sa aka ƙara wa kejin raga.

Da yamma na isa gida gab da shan ruwa. Matata ta ba ni kunu da ƙosai in kai wa mahaifinta soro. Na tsuguna na ajiye, zan tashi ya ce in dakata. Bai kalle ni ba, carbinsa yake ja.

"Wannan akwatin naku, an ce abin da ya gani ba ya mantawa."

"Ya manta, Allah gafarta Malam. An goge."

Idonsa ya sauka kan tafin hannuna, na yi sauri na dunƙule shi.

"To kai fa?"

Na buɗe baki zan ce ban ga komai ba, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"A'a. Kai da azumi a bakinka. Kada ka ɓata naka a kan nawa."

Duk mitar da na tara tun azahar sai ta bi iska. Aka kira salla, na tashi na shiga cikin gida.

Da asuba matata ta kai masa sahur. Ta dawo da kwanon a rufe kamar yadda ta kai, tana mamaki. Wai Baba ya ce ta mayar, in rana ta fito ta dama masa koko.