Bayan Abincin Kawu

Latin ɗin da na sani duka bai cika cokali ba, kuma a makarantar koyon aikin jinya a Tawa na samo shi, wajen wani tsohon malami da muke kira Mushe kawai, wato monsieur na Faransanci. Aikinsa shi ne koya mana sunayen cututtuka da na gwaje-gwaje, amma shi mutum ne da ba ya iya ba ka kalma sai ya haɗa maka da kakanninta. Ya yi karatu tun zamanin da ake koyar da Latin, kuma bai yafe wa duniya daina shi da ta yi ba.

Ranar da ya zo kan kalmar post, ya rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe, ya ja da baya yana kallonta kamar ɗiyarsa ce ta ci jarrabawa. Ya ce ma'anarta bayan. Ya sa muka yi ta maimaitawa: post partum, bayan haihuwa, post mortem, bayan mutuwa, post prandium, bayan cin abinci. Sannan ya ɗaga alli ya gargaɗe mu cewa kalmar ƙarama ce amma tana da sharaɗi, sai abu ya ƙare tukuna ake kiran ta. Na ce a raina wannan ai ko yaro ya sani. Na ci maki mai kyau, na fito ina jin kaina, har ina gyara wa ƴan ajinmu lafazi.

Haihuwa da mutuwa ba su taɓa rikita ni ba, su kam in sun faru sun faru. Abincin ne ya kusa kwance mini kai, a shekarar da na fara aiki a asibiti, lokacin da kawuna ya zo daga Kalfu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, manomi, dogo, mai yawan fara'a. Ya zo a rame, ƙishirwa ba ta barinsa, idonsa ya fara hazo. Lokotoro, wato likita, ya ce alamun ciwon sukari ne, amma ba zai rubuta magani ba sai an auna jini sau biyu: ɗaya da safe kafin ya sa komai a baki, ɗaya kuma awa biyu bayan abinci, ba tare da ya ƙara ko loma a tsakani ba. Da na ga kalmar nan ta Mushe, post, a jikin takardar awon sai na ji daɗi, na ce yau karatu zai yi rana. Kawu kuwa tun a ƙofar lokotoro ya gaya mini cewa ranar da ruwan shuka ya sauka zai kama hanyar gona, ko an auna ko ba a auna ba. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar. Na san in ya tafi ba magani, ba zan sake ganinsa ba sai bayan girbi, kuma ban san abin da zai rage na idon ba.

Awon farko bai ba mu wuya ba. Kawu ya ɗauke shi azumi, ya tashi ya tafi bakinsa a rufe, aka ɗebi jini. Na biyun ne muka gane ba mu da wayo.

Na ba shi ɗumame da safe a ɗakina, na nuna masa agogo, na tafi aiki. Tsakanin gidan da asibiti ba wata tafiya ba ce. Sai bayan azahar ya iso, yana sakace, fuskarsa shar. Na tambaye shi ko ya ci wani abu a hanya, ya rantse bai ci abinci ba. Da na matsa sai labari ya fito. Ya leƙa gidan ɗan wan kakarmu aka dama masa fura. Ya leƙa gidan surukin wannan aka sake damawa. A bakin kasuwar dabbobi wani Buzu abokinsa ya tsare shi da shayi, kuma wanda ya sha kofin farko ba ya tashi sai an sauke na ƙarshe.

"Hura ai ba abinci ba ta, ɗiyata," in ji shi. "Gaisuwa ta."

Ban iya musa masa ba, don a cikin abin na tashi. A wajenmu baƙon ƙauye ba ya wuce ƙofar dangi, in ya shiga kuma ba ya fita sai ya ɗaga ludayi. In ya ce ya ƙoshi, kafin magariba an fara tambayar me aka yi masa, kafin gari ya waye an tono rigimar iyakar gona ta zamanin kakanni. Rabin Tawa kuwa dangin Kawu ne, sauran rabin sun taɓa sayen rago a hannunsa. Abincinsa ba shi da baya, tun safe har dare yana cikinsa. Na ba shi shawara ya riƙa cewa azumi yake. Ya kalle ni har na ji kunya, ya ce shi ba zai yi wa azumi ƙarya da maiƙo a leɓe ba.

Washegari na yi dabara. Na samo mai kabu-kabu, wani magidanci mai kamala, na ja masa kunne cewa daga ƙofata sai ƙofar labo, ɗakin awon jini, ko wa ya ɗaga hannu kada ya tsaya. Bai tsaya wa kowa ba, wannan na shaide shi. Hira kawai suka yi a hanya, ashe shi ma mai kabu-kabun uwarsa ƴar Kalfu ce, ya ga bai kyautu ya wuce da mutumin garinsu bai kai shi sun gaisa da ita ba. Kawu ya iso da ƙullin dabino a aljihu da sauran nono a gemu. Mai kabu-kabun har yana jiran in yi masa godiya.

Da la'asar aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, na tarar Kawu yana naɗe rigunansa. Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro, na gaya masa duka biyun. Na roƙe shi kwana ɗaya. Ya yarda, amma don ganin hawayena ne, ba don awon ba.

Da safe na yi musanyar aiki da wata abokiyata. A harabar asibiti na ba shi abincin da hannuna, na zaunar da shi a benci ƙarƙashin dogon yaro, na zauna kusa da shi ina hararar duk mai tallan da ya doso mu. Abin da na manta shi ne, da an ji mutum yana asibiti, kai masa abinci ya zama dole. Ba mu daɗe ba sai ga Inna ta shigo da ƙwarya a ka.

Inna ita ce babbar yayarsu, shi da mahaifiyata. Uwarsu ta rasu Kawu yana rarrafe, ita ta goye shi, ita ta yaye shi. Duk Tawa ba ƙwaryar da ta fi tata nauyin ƙi. Ta sauke ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a cinya. Ya ɗaga faifai, ya yaba kauri, ya juya ludayi, ya rufe. Ya tambayi lafiyar jikoki ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙare ya koma kan awaki. Gumi yana tsattsafo masa. Inna kuwa ludayin take kallo.

"Mi ta yi ma?" ta ce. "Ko hannuna na ya tsuhwa?"

Ya juyo gare ni a hankali.

"Hwaɗa mata, ɗiyata. Ni bakina ba shi iyawa."

Na yi mata bayani. Na gaya mata ciwon, da idon, da awon da ya lalace har sau biyu, da ruwan da zai ɗauke shi gobe ko jibi. Ina jiran ta tashi ta yi fushi. Sai ta tambaye ni don me ba wanda ya gaya mata tun farko, muna ta yawo da mutum kamar akuyar sayarwa. Ta janye ƙwaryar daga cinyarsa ta ɗora a tata, ta gyara zama a ɗaya gefen nasa.

Daga nan aikina ya ƙare. Ɗan wan kakarmu ya iso da kwano, ta ce ya ajiye can. Buzun ya iso da butarsa da gawayi, ta ce in ya hura wutar nan da shi za ta yi shayin. Wata mata ta miƙo goro, Inna ta cafe ta ɗaure a bakin zane. Ba wanda ya ji haushi, don ba Kawu ne ya ƙi ba, yayarsa ce ta hana, kuma ita tana da iko. Shi kuwa yana zaune yana buɗe musu hannuwa, wai su dai gani, ba laifinsa ba ne. Haka lokacin ya cika aka kira shi ciki.

Sukarin ya hau sosai. Lokotoro ya rubuta magani, ya ce an zo da sauran dama, idon zai iya tsayawa inda yake. Sannan ya zo kan fura. Ya ce ba sukari a ciki har abada, kuma kaɗan, ba ƙwarya ba. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta sa na maimaita mata da Hausa.

Da muka koma benci ta ɗaga faifan da kanta. Ta cika ludayi ta ba shi, ya shanye. Ta ƙara ɗaya. Ya miƙo hannu kamar yadda ya saba, sai ta mayar da faifan ta danne da tafinta.

"Tun kana goye nike ce ma ƙara," ta ce. "Yau ni ka ce ma ya isa."

Kawu ya lashe ludayin ya miƙa mata. Ta karɓa ba ta kalle shi ba, ta ɗora ƙwaryar a ka da sauran furarta, ta yi gaba tana goge ido da bakin mayafi.