Anti Kurkure da Haɗin Goggo

Kafin masu jiran layi su gama zama a kan benci, ta riga ta dafa ƙarafunan aikinta, ta goge kujerar nan mai kwanciya, ta ajiye kofin ruwan sanyi kusa da fitila. Mai wankin haƙori ce a asibiti, kuma a wannan watan take ajiye aiki. Anti Kurkure ake ce mata, don ko gaisuwa ka shigo yi sai ta sa ka kurkure baki.

Duk wanda ya zo neman farin haƙori, ruwan sanyin take fara miƙa masa, sai ta zuba wa fuskarsa ido. In ya yamutsa fuska, zance ya ƙare.

Wata rana Goggonta, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarta, ta shigo da 'yar autarta. Auta ta samu aikin karɓar baƙi a otal, ga shi haƙoranta sun yi rawaya. Goggo ta daɗe tana haɗa mata lemun tsami da toka da gishiri tana dirzawa safe da yamma, abin sai gaba yake yi.

Auta ta kurɓi ruwan, ta riƙe kunci, hawaye ya cika mata ido. Da Anti ta haska fitila sai ta ga ɓarnar. Ɓawon da ke rufe haƙoran ya siɗe, bakinsu har haske ke ratsa shi.

"Sa mata naku na asibiti, tunda nawa ya gaza," in ji Goggo.

"Goggo, ba zan sa ba. Haɗin ne ya cinye ɓawon, shi ya sa rawayan ciki ya fito. Namu ma yana da ƙarfi. In na ɗora shi a kan wannan, ko iska ba za ta iya shaƙa ta baki ba. Kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa."

Ma'aikatan da ke wurin kowa ya sunkuyar da kai.

"Wato ni na lalata bakin 'yata?"

"Ba da gangan ba, Goggo."

"Da tokar nan na goge miki baki kina yarinya. Yau kuma ni ce muguwa."

Anti ta san kalma ɗaya, "to", za ta gyara komai tsakaninsu. Ba ta faɗe ta ba. Goggo ta ɗauki jakarta ta fita. Auta ta tsaya tana duban ƙofa, can dai ta koma ta kwanta a kujera, ta ce, "Yaya, yi abin da ya dace."

Anti, ke ce kika ga ran uwa ya ɓaci, naki ya fi nata ɓaci, amma ba ki sayi murmushinta da haƙoran ƙanwarki ba. Mai gaskiya ko da za a yi kuka. Mun san har yau in kin gaida Goggo da ƙyar take amsawa, mun kuma san yana ci miki rai.

Mun gode, Allah ya huci zuciyar Goggo, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa a aikin nan, ku koyi cewa a'a ko da na gida ne a gabanku. Haƙoran Auta ba su yi fari ba, amma da su take cin abinci, ko ɗaya ba a cire ba.